Makirfon Ɗan Sulhu

Ku gyara zama ku ji yadda wani ya mai da bakin mutanen garinsu kayan sayarwa, da irin cinikin da ya tashi da shi.

Garin a bakin rafi yake. Da can masunta ne da manoma, ba su tara ba, ba su kuma roƙi kowa ba. Sai aka gano mai da iskar gas a ƙarƙashin gonakinsu. Kamfani ya zo da manyan motoci, ya ja shingen waya, ya shimfiɗa bututu ta tsakiyar shuka, ya kafa wani dogon ƙarfe mai aman wuta ba dare ba rana. Tun daga nan farin kaya ya daina bushewa fari a igiya, yara suka daina rabuwa da tari, ruwan rafi ya yi wani maiƙo mai walƙiya, kifi na tasowa ciki a sama.

To amma akwai ƙa'idar da ta shaƙe wa kamfani wuya. Masu zuba masa jari daga nesa sun ce ba a shimfiɗa sabon bututu sai an zauna da mutanen wurin, an miƙa musu makirfo sun faɗi abin da ke ransu, an ɗauki taron a kyamara an aika musu. Su dai su ga fuskoki, su ji an ce an yarda. Ko yardar daga zuci ta fito ko daga leɓe, wannan ba ya fitowa a hoto.

Shi ya sa kamfani ya nemi ɗan gari mai baki, aka kuwa dace da mutuminmu. Ya yi dillancin filaye, ya yi sayar da maganin da ba ya maganin komai, ya yi raka 'yan takara, babu sana'ar da ta karɓe shi. Abin da Allah ya hore masa shi ne harshe, zai yi maka ƙarya kana kallonsa ka ji kunyar ƙaryata shi. Mutanen gari suka laƙaba masa Ɗan Sulhu, ba don yabo ba. Yana da mata, da ɗa saurayi da ake kira Babba, da 'yar yarinya, Auta, wadda ita kaɗai ce in ta yi kuka yake ajiye waya.

Taron farko da ya shirya, har yau ana labarinsa. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an raba huluna masu tambarin kamfani. Manaja ya zauna a gaba yana shan iskar fanka. Sai ga wan Ɗan Sulhu, uwa ɗaya uba ɗaya, masunci ne, ya taso da bokiti ya dire shi a kan tebur.

"Yallaɓai, ka sha hanya. Ga ruwa."

Manaja ya leƙa bokitin, ya ja da baya.

"Sha mana. Ba kai ka ce masananku sun auna, lafiyarsa ƙalau ba? Kurɓi ɗaya, mu sa maka hannu ko a goshi kake so."

"Haba Yaya," in ji Ɗan Sulhu, "a bi abin a hankali, ai mun ji, za mu duba..."

"Rufe min baki, karen kamfani! Da ruwan nan uwarmu ta wanke maka majina, yau kai ne mai dubawa?"

Wata tsohuwa da bututu ya raba gonarta biyu ta cire hular da aka ɗora mata ta wurga kan tebur. "Ku riƙe kayanku. Hula zan dafa wa jikokina?" Kafin ka ce me, huluna sun rufe Manaja kamar ruwan sama. Mai kyamara ya naɗe kayansa ya yi ta kansa.

A mota Manaja bai ɗaga murya ba, kuma shi ya fi ciwo. "Mun ɗauke ka ka sanyaya mana mutane. In taro na gaba ya yi haka, kada ka wahalar da kanka zuwa ofis. In kuwa ka kawo min taro mai kyau, kwangilar share hanyar bututu taka ce, daga nan har inda ya tsaya."

Kalmar kwangila ta shiga kan Ɗan Sulhu ta yi ɗaki. Da Manaja ya sauka, direba ya kalle shi ta madubi ya ce, "Akwai wani boka a bayan tsohon sansanin kamfani. Ni dai ban aike ka ba."

Da tsakar rana Ɗan Sulhu ya je, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Wani ƙaton tankin mai ne da kamfani ya yasar, ya yi tsatsa, an huda masa ƙofa a gefe. Ciki zafi kamar bakin murhu, ga warin tsohon mai gauraye da ƙarnin jini. Haske ɗaya ne, na wata ɓula a sama, ya sauko tsaye kamar sanda. An ɗaura wayoyi daga bango zuwa bango, an rataye wasu abubuwa baƙaƙe busassu a jere. Sai da idonsa ya saba da duhu ya gane harsunan dabbobi ne, kowanne an ɗinke shi.

Boka na zaune kan wata guntuwar taya, siriri kamar ba ya cin abinci, gabansa hular kwano irin ta ma'aikata cike da toka. In ya yi magana tankin kan amsa, sai ka ji kamar su biyu ne.

"Mai bakin haya, me ka zo nema? Baki ya ƙare?"

"Malam, mutane nake so su yarda."

"Ba malami ba ne ni, kada ka ɓata wa malamai suna. Su yarda, ko su ce sun yarda?"

Ɗan Sulhu ya yi ɗan murmushi. "Na biyun ya wadatar."

"Na sani. Na farkon ba ni da shi, yana wurin kamfaninku, sai dai ba sa son fito da shi." Ya tofar da yawu cikin tokar. "Ka kawo min makirfon da kuke zagayawa da shi. Ka ɗebo ruwan rafi da hannunka. Ka kankaro baƙin da ya kwanta kan rufin ɗakin uwarka. Akuya kuma baƙa, da ranta."

Washegari ya kawo su duka. Boka ya kwantar da akuyar, ya take mata wuya, ya zaro harshenta tana da rai ya yanke. Ba ta yi kuka ba, buɗe baki kawai take yi tana rufewa tana kallon Ɗan Sulhu. Boka ya tsoma harshen cikin ruwan rafi, ya mulke shi da baƙin hayaƙi, ya ɗauki siririyar waya ya ɗinke shi tsaf yana wani gunaguni da tankin ke mayar masa. Ya kwance kan makirfon, ya cusa, ya mayar ya ɗaure.

"Duk wanda ya yi magana a nan, kukansa zai tsaya a ciki, godiya ta fita. Zai yi kwanaki bakinsa na ɗaure, ya ishe ku ɗaukar hotonku. Kai kada ka kuskura ka sa bakinka."

"Ladan aiki fa?"

"Ba ni za ka biya ba. Buɗe kunnenka. Kukan da aka hana fita ba ya mutuwa. Mai tari zai daina faɗin tarinsa, amma tarin sai ya sami ƙirji. Mai kukan gona sai kukansa ya sami kai. Masu cin abinci daga hannunka, can zai sauka."

Ɗan Sulhu ya gyara zama irin na ciniki. "To ai da sauƙi. Zan ɗauki ma'aikata, masu gadi, masu sara. Duk daga hannuna za su ci. A bi ta kansu."

"Kai, ka ji mugu. Ba ni ke zaɓa ba."

"A rage mana wani abu dai. A ce ciwon kai, zazzaɓi..."

"Nan ba rumfar taro ba ce. Ka ɗauka haka, ko ka ajiye ka fita."

A nan ya yi kuskuren da sai irinsu ke yi. Shekara da shekaru yana kallon ana yin alkawarin asibiti da makaranta da rijiyar burtsatse a gaban jama'a, ana tafi, a watse, babu wanda ya taɓa zuwa ya kama rigar kowa. A ganinsa duk sharaɗi haka yake, abin faɗa ne a wuce wurin. Ya sa makirfo a jaka ya ce, "Mun ji. Za mu duba."

Boka ya yi dariya har tsatsa na zubowa daga rufin tanki.

Ranar taro gari ya fito da shirin faɗa. Masuncin nan, wan Ɗan Sulhu, ne ya fara fizge makirfo, jijiyoyin wuya a tashe, ido jajir. Ya nuna Manaja da yatsa, ya cika ƙirji, sai aka ji: "Mun gode wa kamfani. Mun yarda, a shimfiɗa bututu." Ya tsaya. Ya kalli abin da ke hannunsa. Ya sake gwadawa da ƙarfi, maganar ta sake fita, har da taushi. Tsohuwa ta karɓe tana zaginsa, ta buɗe baki, ita ma godiya. Haka makirfo ya zaga rumfa, hannu zuwa hannu, kowa na cewa wanda ya riga shi an saye shi ne, shi zai gyara, kowa na zama da hawaye a ido. Mai kyamara ya ce bai taɓa ganin mutanen da farin ciki ya sa kuka haka ba.

Da bakin masunci ya kwance bayan kwanaki, ya tare ƙanensa a hanya. "Ban san me ka yi ba, amma na san kai ne. Na ji maganata ta taso, wani abu ya zare ta daga maƙogwarona kamar ana zare ƙugiya. Ina ka kai ta?"

"Yaya, ra'ayinka ne ya canza, ba laifi ba ne."

"Allah ya isa tsakanina da kai. Kada ka ƙara ce min Yaya."

Arziki ya zo kamar an ɓalle madatsa. Kwangila ta haifi kwangila. Wasu kamfanonin suka riƙa aronsa, duk inda gari ya taurare sai a ce a kira Ɗan Sulhu da makirfonsa. Ya kwashe iyalinsa zuwa babban birni, nesa da hayaƙi, unguwar da ko tsuntsu sai da izini yake sauka. Gidan sama, farin tayil, na'urar sanyaya ɗaki, ruwan gora ko na wanke hannu. Ya yi tumbi, ya koyi magana a hankali. Wani lokaci ya kan tuna maganar boka, ya kalli iyalinsa suna sheƙi, ya ce a ransa ai ga shi nan, barazana ce irin ta masu sana'a.

Da matarsa aka fara. Wata safiya ta yi tari a farin hankici, ta miƙo masa. Baƙi ƙirin, kamar an goge gindin tukunya.

"Baban Auta, wannan fa?"

"Ƙurar hanya ce."

"Wace hanya? Ni da ko ƙofa ba na fita?"

Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shekara nawa ta yi tana kwana kusa da wutar gas? Irin wannan huhun sai tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu a gindin hayaƙi." Aka kai ta asibitin da ya fi kowanne tsada, tari bai san tsada ba. In ta yi, ba muryarta kaɗai ake ji ba, har da na jarirai, har da na tsofaffi, kamar gari guda na tari a ƙirji ɗaya. Kafin damina ta fita an kai ta makwancinta. Ɗan Sulhu ya yi kuka na gaske, ya share ido, ya tafi taro.

Sai Babba. Saurayi mai karatu, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Uban ya dawo ya same shi durƙushe a falo yana tonon tayil da farce har jini.

"Kai, me haka?"

Yaron ya ɗago, murya ta fito ta tsohuwa, shaƙaƙƙiya. "Nan iyakar gonata take. Wa ya cire min dutsen iyaka? Ɗan Sulhu, ba kai na goya uwarka ta je kasuwa ba?"

Daga ranar bai sake magana da muryarsa ba. Yau manomi ne da aka sare wa itatuwa, gobe mace ce da ta yi ɓari, jibi masunci ne yana zagi da irin zagin da uban ya sani tun yana yaro. Duk maganar da makirfo ya haɗiye, ga ta tana fita a falonsa, ba a rage ko wasali ba. Masu aiki suka gudu. Aka ɗaure Babba a ɗakin baya, daga baya aka kai shi gidan mahaukata, inda har yau yake neman iyakar gonar da ba tasa ba.

Saura Auta. Ƙanwar marigayiya ce ta zo ta riƙe ta. Ƙuraje suka feso wa yarinyar irin na yaran da ke wanka a rafi. Za a fasa sabuwar gora a gabanta, ruwa garau, tana kai baki sai ta ture.

"Baba, warin mai yake."

Ya karɓa ya shinshina inda leɓenta ya taɓa. Maiƙo ne ke yawo a kai, mai walƙiya.

Ya koma tanki, wannan karon ba murmushi. Ya zube a gaban boka. "Ka ɗauki gida, ka ɗauki motoci. Yarinyar nan kaɗai ta rage min."

"Me zan yi da mota, ina zan je?" in ji boka. "Maganin a jakarka yake. Tara mutane a gaban manajanka da kyamararsa. Kwance kan makirfo, yanke ɗinkin, jefar da harshen. Sannan ka faɗi duk abin da ka haɗiye musu, da bakinka, ka ce kai ka yi. Kuka zai koma inda aka nufe shi da fari, yarinya ta tashi. Ka yanke tukuna, ka ji ko? Sannan ka yi magana."

"Kwangilolin fa?"

"Za su tafi. Gida zai tafi. Wataƙila ka kwana a kurkuku."

Wallahi da a nan Ɗan Sulhu ya miƙe ya tafi ya yi yadda aka ce, da labarin nan ba shi da daɗin ji amma yana da sauƙi. Sai ya ce, "Akwai babban taro ƙarshen wata. Babban bututu ne, manya za su zo daga hedikwata. In na wuce wannan, na sami abin da zan riƙe ta da shi ko an kore ni. Ana gamawa zan yanke."

"Yarinya na shan rafi kai kana lissafin wata."

"Ai ba ƙi na yi ba. Ɗan lokaci nake nema."

"Fita min daga tanki. Ko ni da nake wannan sana'a ƙyamarka nake ji."

Babban taro ya zo. Rumfuna har bakin hanya, baƙi da fararen riguna, kyamarori ta ko'ina. Mutanen gari da yawa sun gane makirfon, sun ƙi taɓa shi, amma an kawo na ƙauyukan gaba waɗanda ba su san komai ba. Makirfo na zagawa, godiya na zuba, baƙi na gyaɗa kai. Waya na ta rawa a aljihun Ɗan Sulhu yana dannewa. Sai da mutum na ƙarshe ya zauna ya zaga bayan rumfa ya ɗauka.

Ƙanwar matarsa ce. Ba ta yi kuka ba. "Tun safe take kiranka. Ta ce a ba ta ruwa mai kyau ko kurɓi ɗaya ne, ban samu ba a duk gidan nan. Ta cika. Ka gama taronka, babu sauri kuma."

Abin da ya faru bayan nan, duk wanda ke wurin ya gani. Ya fito daga bayan rumfa a guje, ya ture mai gabatarwa, ya fizge makirfo. Zai tona komai, zai faɗi ruwa da hayaƙi da gonaki, zai faɗi tanki da akuya, zai kira matarsa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Zafin zuciya ya mantar da shi ɗinkin da bai yanke ba. Ya kafa baki ya kurma ihu da iyakar ƙarfinsa.

"Mun gode wa kamfani!"

Aka ɗauki tafi. Ya girgiza kai, ya daki ƙirji, ya sake. "Mun gode wa kamfani! Mun yarda!" Manaja ya miƙe yana tafi, baƙi suka miƙe. Can bayan taro masunci na tsaye, hannu a harɗe, bai tafa ba, bai kuma matso ba.

Ɗaurin bakin sauran mutane kwanaki yake yi ya kwance, don kukansu na da inda zai sauka. Shi kuwa babu sauran mai ci daga hannunsa sai shi kansa. Kukan ya fita ya rasa masauki, ya dawo ya zauna inda ya fito. Ya fasa makirfon da dutse, ya tarar harshen ya zama gari. Ya je tanki, ya tarar babu kowa sai wayoyi.

Masu zuwa gaisuwar Auta suka ce masa Allah ya ba da haƙuri, ya kalle su hawaye na zuba ya ce mun gode wa kamfani. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna tofar da yawu. Ɗan sulhun da ba ya iya magana ba shi da amfani ga kowa, kwangila ta koma hannun wani, gida ya tafi, abokan cin miya suka ɓace. Ya koma garinsu da kayan jikinsa, babu ƙofar da ta buɗe. Yanzu yana nan gindin shingen waya, ƙarƙashin wutar nan, baƙin hayaƙi ya rufe shi har gira. In yunwa ta ci shi ya miƙa hannu, godiyar ce ke fita, masu wucewa su ce to je ka su ba ka. Kamfani kuwa ya yanki wurin da yake ihu da hawaye daga hoton taron ya sa a tallansa.

Kai da aka ɗauka ka tsaya tsakanin mai ƙarfi da mutanenka, ka ji da kyau. An ba ka kunne ne ka kai kuka inda za a share shi, ba a ba ka don ka binne ba. In kwaɗayi ya ce maka toshe bakinsu ka ci, tambaye shi wa zai biya, don wallahi sai an biya, kuma ba daga aljihunka za a cira ba, daga kan shimfiɗar 'ya'yanka za a fara. In kuwa Allah ya nufe ka da ƙofar tuba, shige ta a ranar, da takalminka a hannu. Ɗan Sulhu bai ƙi tuba ba, cewa ya yi sai an tashi daga taro.